Verosímil: Birin Da Ya Yi Kama Da Mutum

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar isha'i, ɗan yayana ya faɗo zaure da waya a hannu, baki har kunne. Wai magana ta ƙare, ɗan wasan da suka shekara suna jira zai koma ƙungiyarsu a Sifaniya, jarida ta tabbatar.

Na ce ya miƙo in gani. Asalin labarin da Sifaniyanci aka rubuta shi. Wani ya zuba shi a manhajar fassara, wani kuma ya ɗauko ya mayar da shi Hausa, ya ɗora masa "AN TABBATAR" da manyan baƙaƙe. Da yake na taɓa zaman koyon harshen, sai na bi sawun labarin har na kai ga jimlar farko. Abin da ɗan jaridar ya rubuta shi ne cinikin *verosímil* ne.

Na ce, "Kai, wannan kalmar ba ta ce an tabbatar ba. Cewa ta yi abin ya yi kama da gaskiya."

Ya ce, "To Baffa, ai duk ɗaya ne."

Wannan "duk ɗaya ne" ita ta tsaya mini a maƙoshi. Cinikin ɗan ƙwallo bai dame ni ba, ya tafi ko ya zauna, tuwona bai ragu ba. Abin da ya dame ni shi ne da irin wannan tunanin muke karɓar labarin siyasa, da labarin rikici, da labarin matar maƙwabci. Ra'ayina a nan a fili yake: labari mai kama da gaskiya ya fi ƙarya tsirara haɗari, kuma duk ranar da ka ji labari ya zauna maka daram a rai tun kafin ka ga hujja, ranar ce ya kamata ka fi tuhumar kanka.

Kalmar da kanta

Ana rubuta ta *verosímil*, ana furta ta "berosimil", domin Sifaniyawa ba su bambanta sautin v da b. Daga Latin ta fito, kalma biyu aka ɗaura wa aure: *verus*, wato gaskiya, da *similis*, wato mai kama. Sunan siffar shi ne *verosimilitud*, kishiyarta kuma *inverosímil*, abin da hankali ke ƙin ɗauka.

Suna da wata kalmar daban ta abin da yake gaskiya, *verdadero*. Suna kuma da *credibilidad*, wadda galibi kan mutum ko hukuma take sauka: shin maganarsa abar kamawa ce? *Verosímil* tana auna labari, *credibilidad* tana auna mai labari, *verdadero* ce kaɗai ke magana a kan abin da ya faru.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Idan zargi ya fara ɗaukar hanya, cewa muke yi biri ya yi kama da mutum. Almajirai kuma sun san shubuha, wadda tushenta a Larabci shi ne kamanni, ɗaya da na tashbihi. Sai dai wani abu ya faru da karin maganar a bakinmu. Yau idan aka ce biri ya yi kama da mutum, nufin mai magana shi ne an gama shari'a, a kama ɓarawo. An manta cewa a cikin maganar, daga farkonta har ƙarshenta, biri yana nan a birinsa.

Marubutan Sifaniya sun daɗe da sanin ƙarfin wannan kamanni. Tun a 1605 Cervantes ya sa wani malamin coci a littafinsa na Don Quijote yana bayanin cewa ƙagaggen labari yana ƙara kyau ne gwargwadon yadda ya ƙara kama da gaskiya. A fagen ƙirƙira wannan gwaninta ce, kuma ba a cuci kowa ba, don mai karatu ya san abin da ya saya. Ko tatsuniyarmu da an zo ƙarshe sai a ce ƙurunƙus, ba don gizo ba da na yi ƙarya. Matsala tana farawa ne idan aka ɗauko wannan gwanintar aka kawo ta inda mutane ke jiran gaskiya.

Kwana uku a Madrid

Safiyar Alhamis, 11 ga Maris, 2004, bama-bamai goma suka tashi cikin jiragen ƙasa huɗu da ke ɗauke da ma'aikata da ɗalibai zuwa tashar Atocha a Madrid. Sama da mutum 190 suka mutu, kusan 2,000 suka ji rauni. Saura kwana uku a yi babban zaɓe.

Kafin azahar kusan kowa ya ambaci suna ɗaya: ETA, ƙungiyar 'yan awaren yankin Bask da ke arewacin Sifaniya. Kuma a yi adalci, ba haka kawai aka ambace ta ba. Ƙungiya ce da ta kashe sama da mutum 800 a tarihinta. Ranar jajiberin Kirsimeti na 2003 an kama 'ya'yanta suna ƙoƙarin tayar da bam a jirgin ƙasa mai zuwa tashar Chamartín a Madrid ɗin nan. A ƙarshen Fabrairu, ƙasa da mako biyu kafin harin, an tare motarsu a lardin Cuenca da nakiya sama da kilo 500. Jirgin ƙasa, Madrid, gab da zaɓe. In akwai birin da ya taɓa kama da mutum, to wannan ne. Har 'yan adawa da shugaban yankin Bask kansa, da safen ETA suka zarga.

Gwamnatin José María Aznar ta riƙe wannan zargi da hannu biyu. Firaministan da kansa ya buga wa editocin manyan jaridu waya. Ma'aikatar harkokin waje ta aika wa jakadu umarnin su jaddada cewa ETA ce. A ranar, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1530, ya la'anci harin, ya kuma kira sunan ETA ƙarara a ciki.

Amma tun ranar farko wutsiyar birin ta fara leƙowa. An sami wata mota kusa da tashar Alcalá de Henares, inda jiragen suka biyo, a cikinta akwai abubuwan tayar da bam da kaset na karatun Alƙur'ani. Cikin dare aka gano wata jaka da bam ɗinta bai tashi ba, haɗe da wayar hannu. Layin wayar ne ya kai 'yan sanda ga mutanen farko da aka kama ranar Asabar, uku 'yan Maroko, biyu 'yan Indiya. Nakiyar ma daga baya aka gano daga wata mahaƙa a yankin Asturias aka sato ta, kuma wani ɗan ƙasar, tsohon ma'aikacin mahaƙa, shi ya sayar musu.

Duk da haka ministan cikin gida, Ángel Acebes, ya ci gaba da sa ETA a gaba har ranar Asabar. A zanga-zangar Juma'a mutane sun fara rera tambaya ɗaya: *¿Quién ha sido?*, wato wa ya yi? Asabar da yamma suka taru a ƙofar hedikwatar jam'iyya mai mulki, suna kiran juna da saƙon waya. Lahadi, 14 ga Maris, jam'iyyar da ake ganin za ta ci zaɓe ta faɗi, José Luis Rodríguez Zapatero ya hau. A ranar 31 ga Oktoba, 2007, kotu ta yanke hukunci cewa gungun masu tsattsauran ra'ayi da ke bin aƙidar Alƙa'ida ne suka kai harin, kuma ba ta ga hannun ETA ba.

Ban ga laifin wanda ya zargi ETA da ƙarfe tara na safe ba. Laifin yana kan wanda ya ci gaba da riƙe zargin bayan hujja ta fara nuna wani wajen. Me ya sa aka riƙe? Saboda labarin yana da daɗi ga mai riƙonsa. Idan ETA ce, gwamnatin da ta yi suna wajen murƙushe ta ta sami ƙarin ƙuri'a. Idan kuwa masu iƙirarin jihadi ne, kowa zai tuna da sojojin da aka tura Iraƙi alhali yawancin 'yan ƙasa ba su so. Har yau Sifaniyawa na jayayya ko ƙarya aka shirya da gangan ko kuwa son zuciya ne ya rufe ido. A wurina na biyun ya fi ban tsoro, domin shi ba ya buƙatar mugun mutum. Ni da kai ma muna iya yinsa kafin mu karya kumallo.

Wanda ke jin wannan matsalar 'yan siyasar Turai ce kawai, ga ɗaya gefen labarin. A jikin wata leda da aka samu cikin waccan motar akwai zanen yatsa. Hukumar FBI ta Amurka ta ce na wani lauya ne a jihar Oregon mai suna Brandon Mayfield. Mutumin ya musulunta, matarsa 'yar asalin Masar ce, kuma ya taɓa tsaya wa wani da aka samu da laifin ta'addanci a wata shari'a ta riƙon yaro. Tun a watan Afrilu 'yan sandan Sifaniya suka ce zanen bai dace da nasa ba. Duk da haka aka kama shi a watan Mayu, ya yi mako biyu a tsare, sai da Sifaniya ta gano mai yatsan na ainihi, wani ɗan Aljeriya. A 2006 gwamnatin Amurka ta ba shi haƙuri da diyyar dala miliyan 2.

Hari ɗaya, birai biyu. Wani ya yi kama da mutum a idon gwamnatin Madrid, wani a idon jami'an Amurka. Kowanne kuma da abin da ke cikin kan mai kallo aka ɗinka masa riga. Wannan shi ne abin da nake so ɗan yayana ya gane: kamannin labari da gaskiya ba a jikin labarin yake ba, a cikin abin da ka riga ka yarda da shi yake. Mai shirya ƙarya da ya san aikinsa ba ya kawo maka sabon abu. Abin da kake zargi tun da shi yake miƙo maka, da kwanan wata da sunan gari.

"Ai ba komai za ka iya bincika ba"

Haka ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kaina. Da za a ce sai ka tabbatar da komai kafin ka motsa, da ba wanda zai fita daga gida. Idan aka ce maka hanya ba lafiya, ba za ka ce sai ka ga 'yan fashin da idonka ba. Juyawa za ka yi. Manomi yana ganin hadari ya kwashe shanya, bai jira ɗigon farko ba.

Amma dubi irin matakan. Ka juya mota, in labarin ƙarya ne ka yi asarar mai da awa ɗaya. Ka kwashe shanya, in ba a yi ruwa ba ka sake bazawa. Duk matakai ne da ake iya warwarewa. A kotunan Ajantina akwai abin da suke kira *verosimilitud del derecho*: idan iƙirarinka ya yi kama da mai tushe, kuma jinkiri zai jawo ɓarna, alƙali na iya ba da umarnin wucin gadi, a dakatar da sayar da gida ko a riƙe kuɗi. Amma wannan bai ba ka gidan ba. Shari'a na nan gaba.

Mu kuwa da kamanni muke yanke hukuncin da ba ya warwaruwa. Da shi ake sakin mace, da shi ake ɓata sunan malami, da shi ake ihun ɓarawo a kasuwa a taru a kan mutum. Abin da ya isa ka kulle ƙofarka bai isa ka ƙona gidan wani ba.

"Ba a hayaƙi sai da wuta"

Wani zai ce sau da yawa zargin yakan zama gaskiya. Na yarda. Da ba ya zama gaskiya sau da yawa, da ba zai yi kama da ita ba tun farko. Sai dai wanda aka zalunta a karo na goma ba ya samun sauƙi don an dace a tara na baya.

Sannan akwai wanda ke hura hayaƙin da gangan. Enric Marco ya shafe shekaru yana zagaya makarantun Sifaniya yana ba da labarin azabar da ya sha a sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ke Flossenbürg. Ya kai har ya shugabanci ƙungiyar Amical de Mauthausen ta waɗanda suka tsira daga sansanonin, gwamnatin yankin Kataloniya na Sifaniya ta ba shi lambar yabo, ya yi jawabi a majalisar dokokin ƙasa a watan Janairu 2005. A watan Mayu na shekarar wani masanin tarihi, Benito Bermejo, ya fito da abin da takardu suka nuna: Marco ya je Jamus ne a 1941 a matsayin ma'aikacin kwantiragi, an taɓa tsare shi a gidan yarin Kiel, amma bai taɓa zama a wancan sansanin ba.

Abin lura, ya fi waɗanda suka sha azabar da gaske iya ba da labarin. Su sukan yi in'ina, su manta, su yi shiru a tsakiyar magana. Shi kuwa nasa labarin a tsefe yake, da farko da tsakiya da inda za a yi kuka. Yana da *verosimilitud*, ya tara *credibilidad* ta shekaru, abu ɗaya kawai ya rasa.

Kishiyar haka ma tana faruwa. A watan Oktoba 1972 jirgin sama ɗauke da mutum 45 daga Yurugwai ya faɗi a tsaunukan Andes. An neme su an gaji, an haƙura. Bayan kwana 72 sai ga mutum 16 da rai, biyu daga cikinsu sun taka ƙanƙara kwana goma suka nemo agaji. Wannan *inverosímil* ne tsantsa, kuma ya faru. Wanda ya mai da kamanni ma'auninsa zai karɓi Marco ya kori waɗannan.

"To su da ke da kalmar, me ta hana?"

Wannan tambayar ta yi mini daɗi, don kusan duk misalan da na kawo daga masu kalmar suka fito. Gaskiya ne kalma ba laya ba ce. Sifaniyawa sun faɗa ramin da kalmarsu a baki, wasu kafafen yaɗa labaransu ma sun shafe shekaru suna neman cusa ETA cikin harin Madrid bayan komai ya bayyana.

Amfanin kalmar yana fitowa ne inda aka ɗaure ta da sharaɗi. Kotun Ƙolin Sifaniya tana da ma'auni uku da take dubawa idan shaidar da ake da ita kaɗai ita ce maganar wanda aka yi wa laifi. Na farko, kada a sami tsohuwar gaba ko wata manufa da za ta sa a yi shakkar mai magana. Na uku, ya tsaya kan maganarsa ba tare da tufka da warwara ba. Na tsakiyar shi ne *verosimilitud*, kuma a nan ba a barin ta ta zama "ya zauna mini a rai". Ana neman wani abu daga waje da zai tallafi labarin: rahoton likita, saƙon waya, wanda ya ga mutumin a wurin a lokacin. Wato sun ƙwace kalmar daga zuciyar alƙali sun ɗaura ta a jikin abin da ake iya taɓawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta Suratu Yusuf. Riga biyu ce a ciki ta zama shaida. Ta farko 'yan'uwa suka shafa mata jinin ƙarya, suka zo da dare suna kuka, da labarin kerkeci. Daji, yaro ƙarami, dabba, jini, hawaye, ba abin da ya rage. Annabi Yaƙub bai karɓa ba. Ta biyu kuwa, lokacin da magana ta zama tsakanin matar mai gida da bawa, inda kowa ya san wanda za a fi gaskatawa, sai mai shaida ya ce a duba inda rigar ta yage, gaba ko baya. Malaman hadisi ma ba su taɓa karɓar magana don ta yi daɗi ko ta dace da abin da suke so ba, sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji.

Saboda haka ba cewa nake a aro kalmar Sifaniyanci a cusa wa Hausa ba. Muna da "an ce", muna da "wai", muna da "da alama", muna da "ana zargin". Waɗannan ƙananan kalmomin su ne farkon abin da ke faɗuwa idan labari ya bi hannu uku. Wanda ya fara rubutawa ya ce da alama, na biyu ya ce rahotanni sun nuna, na uku ya ce an tabbatar, na huɗu ya ƙara da wallahi. Masu fassara labarai zuwa Hausa, musamman na shafukan sada zumunta, a nan nake ganin babban alhakinsu. Wanda ya cire "wai" daga jimla ya canza labarin, ko da bai taɓa sauran kalmomin ba.

Shi kuwa ɗan wasan, har zuwa daren jiya bai sa hannu ba. Mai yiwuwa ya sa gobe, don cinikin da ma ya yi kama da mai yiwuwa, ɗan jaridar bai yi ƙarya ba. Na san in hakan ta faru ɗan yayana zai faɗo zauren nan ya ce, "Baffa, ba na faɗa maka ba?" Ni kuma zan tambaye shi abin da ke hannunsa ranar Lahadin da ya faɗa ɗin.